Tsohon rediyo mai bawul: wanne ya cancanci gyara, kuma wace wuta za a ba shi?

Duk wanda ya tsinci tsohon rediyo mai bawul a ɗakin ajiya ko a wurin 'yan gwangwan, hannunsa kan yi ƙaiƙayin soka filogi ya ji ko zai yi magana. A nan ake kashe da yawa daga cikinsu. Bawuloli, wato kwalaben gilashin nan da ke yin ja in sun ɗau zafi, sukan haura shekara 60 da ransu. Abin da ke ruɓewa shi ne sashen da ke ba su wuta. Don haka kafin a yi zancen kyan akwati ko daɗin murya, a cire marfin baya a ga yadda aka tsara wutar, domin ita ce za ta faɗa maka kuɗin da za ka kashe da irin haɗarin da za ka shigo da shi gida.

Kowane rediyo mai bawul wuta iri biyu yake ci. Akwai ƙarama wadda ke ɗumama hitar bawul, akwai kuma babba, DC, daga 90V zuwa sama da 300V, wadda ake rubuta ta B+ ko HT a taswirar wayoyi. Yadda ake samar da waɗannan biyun shi ya raba rediyoyin gida uku.

Mai taransifoma

Nauyinsa ma ya isa shaida. A ciki za ka ga taransifomar, dunƙulen ƙarfe a gefen shasi, wato farantin ƙarfen da aka ɗora kayan rediyon a kansa, a baya kuma maɓallin zaɓen wuta mai lambobi kamar 110, 125, 220, 240. Sunayen bawulolinsa da E suke farawa in na Turai ne, da 6 in na Amurka ne, ma'ana hitarsu 6.3V. Rediyoyin Jamus da Holan na shekarun 1950, irin su Grundig, Telefunken, Saba da Philips, galibi jeri ɗaya suke ɗauke da shi: ECC85, ECH81, EF89, EABC80, EL84, da koren idon nan mai nuna an kama tasha, EM80 ko EM84.

Babbar falalarsa ita ce taransifoma ta raba shasi da wutar gari. Kana iya sa masa waya mai ƙafa uku ka ɗaure shasi da wayar ƙasa, ka haɗa masa eriya ko sifika ta waje hankali kwance. Ta biyu, yana amfani da rabi biyu na kaɗawar wuta, don haka ƙugin da ya rage a cikin B+ na 100Hz ne, mai sauƙin tacewa.

Rauninsa ita kanta taransifomar. In ta ƙone, samun irinta sai an sha wuya, kuma ba kowane mai riwayin ne ya saba naɗa koyil mai 250-0-250, wato mai rabi biyu kowanne 250V, da rufin da zai jure ba. A gwada ta tun kafin a yi ciniki. Sansana: ƙauri ko baƙin kwalta da ya zubo ƙarƙashinta mummunar alama ce. Sa mita a ƙafafun filogi, makunni a kunne: rediyo mai cin 50W a 220V zai nuna gomomin om, ba sifiri ba, ba kuma yankakke ba. Rabi biyun koyil ɗin babbar wuta su yi kusa da juna, bambancin kaɗan ba laifi ba ne domin rabin da ke waje wayarsa ta fi tsawo. Gwajin da ya fi kowanne: zare dukkan bawuloli, cire wayar da ke zuwa kafasitar farko, ba taransifoma wuta ta cikin ƙwan fitila mai zare da aka jera da wayar laif, ka bar ta minti 20. Mai lafiya ɗumi kawai za ta yi. Wadda wayoyinta suka haɗe a ciki za ta haska ƙwan ta kuma yi zafi babu kaya a kanta.

In na Amurka ne akwai ƙarin magana. Can 117V ne a 60Hz, mu kuwa a Najeriya da Gana 230V ne, Nijar 220V, duk a 50Hz. Rage ƙarfin wuta da taransifomar waje ba ya canza 50Hz ɗin. Ƙarfen da aka auna wa 60Hz, in aka ba shi 117V a 50Hz, maganaɗisun cikinsa zai ƙaru da kashi 20 cikin 100, sai ya riƙa zafi fiye da ƙima. A ba shi 105V zuwa 110V, a riƙa taɓa shi bayan awa guda. In yatsa ba ya iya zama a kansa daƙiƙa biyar, ya yi yawa.

Maras taransifoma, mai cin AC da DC

An ƙera wannan ne don a rage kuɗi da nauyi, da kuma garuruwan da a lokacin wutarsu DC ce. An jera hitocin bawuloli kamar carbi, wuta ɗaya ke bi ta cikinsu duka, B+ kuma kai tsaye daga wutar gari ake tatso ta da bawul guda.

Shahararren misali shi ne mai bawul biyar na Amurka: 12SA7, 12SK7, 12SQ7, 50L6GT, 35Z5GT, ko ƙananan da suka gaje su, 12BE6, 12BA6, 12AV6, 50C5, 35W4. Haɗa lambobin farko, 12 sau uku da 50 da 35, za ka samu 121, kusan daidai da wutar gidajensu, a kan 150mA. Dabara ce mai kyau a ƙasarta. Na Ingila, irin Bush DAC90A na 1950, yana da UCH42, UF41, UBC41, UL41, UY41, masu cin 100mA, jimillar hitocinsu kamar 117V. Ragowar 113V na wutar 230V wata doguwar rezista ce ke shanye ta, kimanin 1,130Ω, tana mayar da fiye da 11W zafi tsagwaro a cikin ɗan ƙaramin akwati. A Ingila wannan ɗumi ne. A Kano ko Damagaram cikin watan Afrilu, ɗaki ya haura digiri 40, gasa kayan ciki ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne shasi. A yawancinsu waya ɗaya ta wutar gari tana manne da shasi, ko kai tsaye ko ta kafasita. In filogi ya shiga a juye, ko mai wayarin gidan ya musanya laif da nutural a soket, wanda ba baƙon abu ba ne, to kowane ƙarfe na rediyon yana ɗauke da cikakkiyar wuta: sandar maɓallin murya in hularta ta cire, kusoshin ƙasa, har ƙaramar kusar da ke riƙe maɓalli. Rediyon kuma zai ci gaba da magana lafiya lau, babu abin da zai nuna maka. Ba a ɗaure irin wannan shasi da wayar ƙasa, fis zai tashi nan take. Mutum a tsaye ba takalmi a kan siminti mai laima, ko yaro da ya zura yatsa ta huɗar baya, shi ne hanyar da wutar za ta bi.

Mutane da yawa suna zaton sun tsira in sun sa ƙaramar taransifomar nan ta kasuwa mai mayar da 220 zuwa 110. An gudu ne ba a tsira ba. Yawancinsu koyil ɗaya ne aka tsaga, shiga da fita duk waya ɗaya, ba su raba komai da wutar gari. In filoginta ya juye, shasin rediyo mai 117V zai tsaya a 230V tsakaninsa da ƙasa. Gwada da mita: in akwai hanya tsakanin ƙafar filogi da ramin fita, ba ta raba ba. Abin da ake buƙata shi ne taransifoma mai koyil biyu dabam, 230V zuwa 115V, mai ɗaukar 60VA zuwa 100VA. A bar mata sarari, domin bawul mai amfani da rabin kaɗawa ɗaya yana ɗora mata DC da ke ƙara mata zafi.

Wasu masu gyara sukan maye gurbin doguwar rezistar da kafasita don kashe zafin. Lissafin daidai ne: ga jeri mai 117V da 100mA a kan 230V 50Hz, kamar 1.6µF ake buƙata, irin ta injin lantarki mai juyawa, mai jure AC. Amma wutar da kafasita ke bari ta wuce ta dogara ne ga saurin kaɗawa da siffarta. Janareta da ya yi gudu, ko inbata mai fitar da wuta mai kusurwa, zai tura wa hitoci abin da ya fi ƙarfinsu. Gidan da ke sauya wuta tsakanin ta gari da janareta da inbata bai dace da wannan dabarar ba.

A ganinmu, wanda zai fara koyo, ko mai son rediyon da za a riƙa kunnawa kullum a falo, ya ɗauki mai taransifoma ko da ya fi tsada ya kuma fi aiki. Maras taransifoma na wanda ya riga ya mallaki taransifomar rabawa ne, ya kuma san zai mayar da marfin baya da kowane maɓalli yadda suke. A duba zangon da yake kamawa ma. DAC90A matsakaici da dogon zango kawai gare shi, babu gajeren zango, wanda a kansa aka saba jin sashen Hausa na BBC tun da aka buɗe shi a 1957. FM ɗin rediyoyin Jamus na farko kuma a 100MHz yake tsayawa, tashar da ke sama da nan ba za ta shigo ba.

Gida na uku shi ne mai batir, irin Saucepan Special da kamfanin Ever Ready ya yi a 1949 don tsakiyar Afirka, da masu jerin DK96, DF96, DAF96, DL96. Shi ya fi sauƙi: batir 9V guda goma a jere sun ba da 90V, babban batir 1.5V guda ya riƙe zaren bawuloli. Abu ɗaya ne ke kashe shi: zaren 1.4V ne, siriri kamar gashi, in wayar 90V ta goge shi sau ɗaya duk bawulolin sun tafi.

Mai mayar da AC zuwa DC: bawul, seleniyam ko silikon

Nan ne masu gyara suka fi saɓani, kuma amsar ta danganta da abin da ka tarar a ciki.

In bawul ne kuma yana da rai, a bar shi. EZ80 yana cin 6.3V da 0.6A a hita, yana ba da har 90mA. Ƙanensa EZ81 yana kai 150mA. Da koyil mai 250-0-250, EZ80 kan fitar da kimanin 265V in an ɗora masa cikakken kaya. Abin da ya sa ake son sa shi ne yana ɗaukar daƙiƙa goma ko fiye kafin ya fara aiki, daidai lokacin da sauran bawuloli ke ɗumama, sai B+ ta hau a hankali tana tarar da masu shan ta. Dayod ɗin silikon ba ya jira. Kana murɗa makunni B+ za ta tsallaka zuwa ƙololuwa, 250 sau 1.414, wato 354V, ta zauna a kan kowace kafasita har bawuloli su farka. In wutar gari ta hau da kashi 10 cikin 100, ka doshi 390V. Kafasitar asali mai 350V ba za ta daɗe a haka ba.

Bayan an ɗumama ma akwai saura. Bawul yana cinye wani kaso na wutar a cikinsa, kamar 20V ga EZ80, 50V ko fiye ga 5Y3GT da tsohon bawul mai lamba 80. Dayod ɗin silikon irin 1N4007 bai cika cin 1V ba. Rarar duk kan EL84, bawul ɗin sifika, za ta sauka, shi kuwa a 250V da 48mA ya riga ya kai 12W, iyakar abin da farantinsa ke ɗauka. Ƙara masa 30V gajarta masa kwana ne, da shi da taransifomar sifika.

Silikon yana da wurinsa. 5Y3GT zarensa kai tsaye yake zafi, cikin daƙiƙa biyu zuwa uku ya fara ba da wuta, don haka jinkirin da ake yabon EZ80 da shi babu shi a nan tun asali. Yana kuma cin 5V da 2A, 10W cur. Cire shi ya sauke wa taransifomar Amurka da ke fama da 50Hz kaya mai yawa. In za a yi haka, a yi shi da lissafi. Kowane dayod yana ganin ninki biyu na ƙololuwa a bayansa: 707V ga koyil 250-0-250, wanda 1N4007 mai jure 1,000V zai ɗauka, amma 990V ga 350-0-350, don haka a jera biyu-biyu a kowane ɓangare. UF4007 ya fi, domin ba ya watsa ƙarar da na talaka kan jefa cikin matsakaicin zango. Sai rezista mai waya tsakanin dayod da kafasitar farko. Dokar Om za ta ce maka 30V a 70mA na son 430Ω, amma wannan lissafin na bayan kafasita ne. A gabanta wuta a guntu-guntu take wucewa da ƙarfi, don haka ƙasa da haka ke isa. Fara da 150Ω mai 5W ko 7W, auna B+ bayan minti biyar, ƙara ko rage har ta dace da taswira. A ɗaga ta daga jikin komai, zafi take yi.

A maras taransifoma kada a zare 35Z5GT ko UY41 a ce an sa dayod, domin hitarsa tana cikin carbin. Zare shi ya kashe sauran. Ko a bar shi a soket don hitar kawai, ko a cike gurbin 35Z5GT da rezista kamar 230Ω mai 10W.

Seleniyam kuwa babu jayayya a kansa, a cire. Shi ne baƙin gwangwani ko lafaffen ƙarfen da aka ɗaure a jikin shasi, da rubutu irin B250C75: gada ce, ta 250V, mai ba da 75mA. Yana tsufa ko ana amfani da shi ko ba a yi. Alamarsa B+ da ta faɗi zuwa 200V ko ƙasa, murya ta yi rauni, FM ya riƙa ɗaukewa, jikinsa ya yi zafi. Ƙarshensa hayaƙi mai ɗoyi da guba. Dayod 1N4007 huɗu da rezista 100Ω zuwa 220Ω mai 5W sun maye shi. Tunda seleniyam ma ba ya jira, kafasitocin irin wannan rediyo dama an auna su da hawan farko. A bar tsohon a wurinsa don kyan gani, amma a yanke dukkan wayoyinsa.

Kafasitocin tacewa

Akwai masu farfaɗo da tsohuwar kafasitar gwangwani ta hanyar ba ta wuta a hankali ta cikin rezista na awoyi. Yana yi wani lokaci, musamman ga na ƙarshen shekarun 1950. Amma gwangwanin da ta shekara 60, ruwan cikinta ya sha zafin ƙasar nan, ba abin da za a jingina taransifomar da babu irinta a kansa ba ne. A sa sabuwa: 10µF a madadin 8, 22 a madadin 16, 33 a madadin 32, 47 a madadin 50, duk masu 450V, masu jure digiri 105. A auna kowace da mita kafin a liƙa, jabu sun yi yawa a kasuwa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙara girman ta farko don a kashe ƙugi. Kafasitar tsohuwar talabijin mai 220µF tana nan a arha, ga ta da 400V, sai a ce ai ta fi. Ga bawul guba ce. Iyakar EZ80 da EZ81 da UY41 50µF ne, 5Y3GT kuwa a tsaya wajen 10 zuwa 20. Girman kafasita yana matse lokacin cika ta, sai bawul ya riƙa tura wuta mai yawa cikin ƙiftawa, har ka ga tartsatsi a cikin gilashi. Kuma ba nan ake kashe ƙugi ba. Da 47µF da 70mA, abin da ke rawa a kan ta farko bai wuce 15V ba. Rezista 1kΩ da wata 47µF a bayanta sun rage shi kusan sau 30. Cok, wato koyil ɗin tace wuta, mai 10H ya rage shi fiye da sau 150. In ana son ƙari, a ƙara ta biyu. In 450V ta gagara samu, jera 100µF masu 250V guda biyu, kowace da rezista 220kΩ a kanta, ka samu 50µF mai 500V.

Abu biyu kan kayar da ko wanda ya ƙware. Na farko, liƙa sabuwa a kan ƙafafun tsohuwa ba tare da an yanke ta ba; ranar da tsohuwar ta haɗe, sabuwar ba ta da abin yi. Na biyu, ɗauka cewa ƙafar ragi, wato mai alamar −, kullum shasi take zuwa. A rediyoyi da yawa na shekarun 1930 da 1940, ragin ta farko yana zuwa tsakiyar koyil ne, da rezista tsakaninsa da shasi, daga nan ake samun wutar ragi ta girid, wato ragar cikin bawul mai ƙayyade wutar da ke wucewa. Alamarsa gwangwani da aka raba da shasi da kwali ko wani zobe. Ka ɗaure ta da shasi, bawul ɗin sifika ya rasa linzami ya yi ja. A irin waɗannan tsofaffin kuma sifika ba ta da maganaɗisu na dindindin, koyil ne mai 1,000Ω zuwa 2,500Ω da ke aikin cok. Mai sa sifikar zamani dole ya cike gurbin koyil ɗin: 1,500Ω a 60mA na zubar da 90V da 5.4W, sai rezista mai 15W, da ƙarin tacewa.

Akwai wata ƙaramar kafasita da ba ta cikin sashen wuta amma ita ta fi kashe shi: ta takarda da kakin zuma, 0.01µF zuwa 0.022µF, da ke kai murya zuwa girid ɗin EL84 ko UL41. In ta fara yoyo, girid ya samu wutar ƙari, bawul ya ja fiye da ƙima, komai na bayansa ya ɗau zafi. A canza ta da ta roba mai 630V kafin kunnawar farko. Wadda ke tsakanin wayoyin wutar gari biyu a sa mata X2, wadda ke tsakanin waya da shasi a sa Y2 da ba ta wuce 4.7nF ba, waɗannan an yi su ne su mutu ba tare da sun jawo haɗari ba.

Kunnawar farko

Ƙwan fitila mai zare, 60W, a jere da wayar laif. Na LED ba ya wannan aikin. Rediyo mai lafiya zai sa ƙwan ya yi walƙiya, ya dushe, sannan ya ɗan ƙara ja in bawuloli sun ɗumama. In ya tsaya da haske sosai, kashe, akwai inda ya haɗe. In ya wuce, koma ƙwan 100W, sannan kai tsaye. Kada a kunna babu sifika a haɗe. Maƙala mita da ƙugiya kafin a ba da wuta, hannu ɗaya a aljihu, takalmin roba a ƙafa. Bayan an kashe, sauke kafasitoci ta rezista 10kΩ mai 5W, ba da sukundireba ba, a kuma tabbatar da mita. Rezista 220kΩ mai 2W da aka bari a kan B+ za ta riƙa yin wannan da kanta cikin minti ɗaya zuwa biyu. In an ga farin allo mai zare-zare kusa da rezista mai zafi, asbesto ne, kada a kankare shi ko a hura masa iska.

A sa fis mai jinkiri na 500mA a wayar shiga. Maɓallin zaɓen wuta a ajiye shi a 240, ba 220 ba, sannan a auna hita: 6.0V zuwa 6.6V shi ne daidai. A kan girid ɗin bawul ɗin sifika mita ta nuna sifiri, a katod ɗin EL84 kuma wajen 6V zuwa 7.5V. Inda wuta ke hawa da sauka, sitabilaiza ta 500VA ta wadatar. In inbata ce za ta riƙe shi, sai mai fitar da wuta mai santsi irin ta gari, a kuma nisanta ta da eriya, in ba haka ba ƙararta za ta rufe gajeren zango daga farko har ƙarshe.